Baƙin man ƙaramin jirgin sama: abin da inji ke buƙata a yanayin Zariya

Duk wanda ya taɓa zama a Palladan ko Samaru, ko ya saba bin hanyar Sakkwato da safe, ya san ƙugin ƙananan jiragen nan masu farfela da ke kewaya sararin Zariya, suna sauka suna tashi a filin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Da yawa daga cikin jiragen da aka horar da matuƙa a kansu a wannan kwaleji, irin su Tampico TB-9 da Trinidad TB-20 ƙirar Faransa da Baron 58 ƙirar Amurka, injinan fistin ne da su, wato suna da silinda da ringi da bawul da fulogi kamar yadda injin mota yake da su. Wannan kamanni ne yake sa makanikin mota da ya leƙa cikin injin jirgi ya yi tambayar da ta cancanci a yi ta, cewa tun da kayan cikin iri ɗaya ne, me ya hana a zuba masa baƙin mai mai kyau irin wanda ake yi wa mota juye da shi a Sabon Gari, maimakon a zauna jiran wanda za a shigo da shi daga waje da kuɗin ƙetare? Amsar tana da tsawo, kuma wanda ya bi ta zai gane cewa sunan kamfanin da ke jikin robar mai shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tsaya gardama a kansa. Abubuwan da ke cin waɗannan injina a ƙasarmu su ne dalma da tsatsa da ƙura, kuma zaɓen mai dabara ce ta zama da su, tun da babu yadda za a yi a rabu da su gaba ɗaya.

Injin O-320 na kamfanin Lycoming na Amurka da ke cikin Tampico, mai silinda huɗu da ƙarfin doki 160, ba shi da lagireto kuma ba a zuba masa ruwa. Iskar da ke bugun faifan ƙarfe da aka jera a jikin silinda ita ce ke sanyaya shi, sannan baƙin mai ya ɗebo zafi daga ƙarƙashin fistin da sauran lungunan da iska ba ta kai wa. Kan silinda yakan kusanci digiri 200 a ma'aunin Salshiyos a tafiya ta yau da kullum, kuma iyakar da kamfanin ya gindaya ita ce digiri 260. Da yake ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, kuma alminiyam ɗin fistin ya fi baƙin ƙarfen silinda saurin buɗewa, tilas maƙeran suka bar rata mai faɗi tsakaninsu fiye da wadda ake bari a mota. Ta wannan rata ce mai yake hawa sama ya ƙone tare da fetur, kuma ta nan ne hayaƙin ƙuna yake saukowa ya gauraya da man da ke ƙasa. Saboda haka shan mai ɗabi'ar wannan inji ce, ba ciwo ba ne. Ƙa'idar da Lycoming ta bayar ta yarda injin mai ƙarfin doki 160 ya sha kusan rabin lita a awa ɗaya kafin a ce ya wuce iyaka, ko da yake lafiyayyen inji ba ya kusantar haka. Motar da take shan lita ɗaya a cikin awa goma an daɗe da kai ta garambawul, amma a jirgi babu wanda zai ɗaga kai a kan wannan. A ƙara da cewa mota tana yawancin tafiyarta da ɗan kaso kaɗan na ƙarfin injinta, shi kuwa jirgi yana tashi da dukkan ƙarfinsa, sannan ya zauna a kan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na tsawon awanni.

Daga nan illar man mota take fitowa. Ana zuba wa man mota sinadaran wanke inji waɗanda aka yi da ƙarafa irin su kalsiyam da magniziyam, da kuma wani sinadarin hana goga mai ɗauke da tutiya. A cikin mota waɗannan alheri ne, domin man da ke ƙonewa ɗan ƙanƙane ne. A cikin injin da ke ƙona mai kullum kuwa, ƙarafan ba sa ƙonewa, toka suke komawa, su taru a kan fistin da bakin fulogi da kewayen bawul. Idan tokar ta yi kauri sai ta riƙe zafi ta yi ja kamar garwashi, ta kunna wa fetur wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi, a lokacin da fistin bai gama hawowa ba. Wannan ƙuna ta gaban lokaci tana iya huda kan fistin cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Direban da injinsa ya buga a Kwanar Dangora zai gangara gefen titi ya nemi makaniki, amma ɗalibin da ke hawa sama bayan tashi daga filin Zariya, gidajen mutane ne a ƙarƙashinsa.

Saboda wannan ne man jiragen fistin ya kasu gida biyu kacal. Na farko shi ne tsuran mai, wanda aka tace daga ɗanyen mai ba tare da an zuba masa kusan kome ba, kuma lambar ƙa'idarsa SAE J1966. Na biyu shi ne mai ɗauke da sinadarin da ke riƙe dauɗa tana yawo a cikin mai ba ta kwanta ba, sinadarin da babu ƙarfe a cikinsa, don haka ba ya barin toka idan ya ƙone. Lambarsa SAE J1899, kuma kamfanin Shell ne ya fara fito da irinsa a 1958. Ya kamata a lura cewa wannan sinadari ba wanke inji yake yi ba. Aikinsa shi ne ya hana baƙin hayaƙi da gishirin dalmar da ke fitowa daga fetur manne wa juna, ya riƙe su har zuwa ranar juye, su fita tare da tsohon mai. Shi ya sa man da ya yi duhu bayan awa goma ko ashirin bai lalace ba, yana cikin aikinsa ne. Wanda ya kamata ya ba mutum tsoro shi ne man da ya daɗe a inji amma ya fito garau, domin dauɗar tana nan a wani wuri.

Tsuran mai a yau amfaninsa ɗaya ne, wato sabon inji, ko wanda aka yi wa garambawul, ko wanda aka sauya wa silinda. Bangon sabuwar silinda yana da zane-zane ƙanana da aka yi da gangan, kuma ana so ringi ya goge tudun waɗannan zane har su zauna da juna, kwarin kuma ya rage don ya riƙe mai. Lycoming ta ce a yi amfani da tsuran mai na awa 50 na farko ko har shan mai ya daidaita, kuma a tuƙa jirgin da ƙarfi, kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari, domin matsin ƙuna ne yake danna ringi a jikin bango. Wanda ya lallaɓa sabon inji don tausayi ya cuce shi, saboda mai zai ƙone ya toshe zanen ya zama sulɓi kamar gilashi, injin kuma ya ci gaba da shan mai har sai an sake cire silindar. Injinan Lycoming masu turbo ba sa cikin wannan ƙa'ida, domin kamfanin ya ce su fara da mai na biyu tun daga awar farko.

Lambobin da ke jikin roba su ne suka fi rikita mutane, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Idan an ga 100 a jikin man jirgi, kaurinsa daidai yake da SAE 50 na mota. 80 daidai yake da SAE 40, 65 da SAE 30, sannan 120 da SAE 60. Asalin lambar tsohon gwaji ne, inda ake ɗumama mai zuwa kusan digiri 99 a ƙirga daƙiƙoƙin da wani ma'auni nasa zai ɗauka kafin ya tsiyaye ta wata 'yar kafa, wanda ya ɗauki kimanin daƙiƙa 100 sai a kira shi 100. Harafin W kuma ma'ana biyu gare shi. A cikin AeroShell W100, inda ya zo gaban lamba, yana nufin man yana da sinadarin riƙe dauɗa, don haka AeroShell 100 marar W tsuran mai ne. A cikin 15W-50 ko 20W-50, inda ya zo bayan lambar farko, yana nuni ne ga kaurin man a lokacin sanyi. Mai irin wannan asalinsa tsinkakke ne, aka zuba masa wasu dogayen ƙwayoyin sinadari waɗanda ke dunƙulewa idan da sanyi su warware idan da zafi, ta yadda da asuba yana gudu kamar mai marar kauri, idan inji ya ɗauki zafi kuma ya tsaya a matsayin SAE 50.

To wanne ya dace da Zariya? Jadawalin Lycoming ya ɗora zaɓin a kan matsakaicin zafin gari. Inda ya haura digiri 27 an yarda da SAE 60, inda ya haura digiri 16 a yi amfani da SAE 50 ko 40, tsakanin digiri 1 ƙasa da sifili zuwa 32 kuma SAE 40, sannan 15W-50 da 20W-50 sun halatta a kowane yanayi. Garinmu yana da fuska biyu. A watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35, a Disamba da Janairu kuwa sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, har mutane su kewaye wuta a ƙofar gida, amma kafin azahar an cire rigar sanyi. Babbar fa'idar mai mai lamba biyu ta shafi ƙasashen da ake ƙanƙara ne, inda SAE 50 yake daskarewa kamar man shanu, har kamfanin ya ce a ɗumama inji kafin a tayar da shi idan sanyi ya kai digiri 12 ƙasa da sifili. Mu ba mu san wannan ba. A ganina W100 ya wadatar a mafi yawan watannin shekara a nan, kuma ko a tsakiyar hunturu abin da yake buƙata shi ne haƙuri, wato a tayar da inji a hankali, a tabbatar gejin matsin mai ya motsa cikin daƙiƙa 30, a bar shi ya ɗumama kafin a ba shi wuta. Duk da haka ba zan ga laifin injiniyan da ya zaɓi 20W-50 don ya huta da tunanin sauyin yanayi ba, musamman a jirgin makaranta da ake tayarwa ana kashewa sau da dama a rana, tun daga sanyin safiya. Dukansu biyu kamfanin ya yarda da su, kuma injina da yawa sun cika wa'adinsu a kan kowanne.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar neman mai mafi kauri duk lokacin da gejin zafin mai ya hau a bazara. Zafin da ake so mai ya zauna a kai shi ne wajen digiri 82, iyakarsa kuma 118 a injinan Lycoming. Idan allurar ta fara dosar ja, sauya kaurin mai ba zai sauko da ita ba. A duba robobin da ke tilasta wa iska ta bi ta tsakanin silinda ko sun tsage ko sun lanƙwashe, a duba na'urar sanyaya mai ko ƙura ta toshe ta, a kuma leƙa ko tsuntsu ya yi sheƙa ko zanzaro ya yi gini a cikin murfin inji, abin da ke faruwa cikin kwana kaɗan idan jirgi yana ajiye. Shi ma salon tuƙi yana da nasa kaso, domin ɗalibin da ke ta kewaya fili yana sauka yana tashi da tsakar rana, yana hawa da ƙarancin gudu, bai ba inji iskar da zai sha ba.

Mai karatu da ya saba da motocin zamani zai ce ai man sintetik, wanda ake harhaɗawa a masana'antar sinadarai, ya fi kowanne jure zafi, me ya sa ba shi ake zubawa ba? Dalilin yana cikin fetur ɗin. Fetur ɗin jiragen fistin da aka fi sani, 100LL mai launin shuɗi, yana ɗauke da dalma har zuwa giram 0.56 a kowace lita, domin ita ce ke hana shi fashewa da kansa a ƙarƙashin matsi. Wani kaso na wannan dalma yana bin hayaƙi ya sauka cikin mai. Man da aka tace daga ɗanyen mai yana iya riƙe ta, amma tsantsar sintetik ba ya iyawa. An koyi wannan darasi da tsada a Amurka da man Mobil AV-1, wanda sintetik ne ɗari bisa ɗari: dalmar ta riƙa kwantawa kamar laka mai ruwan toka a cikin ramin karanshaf da mazaunin ringi, musamman a manyan injinan Continental, wani kamfanin ƙera injinan jiragen fistin, har aka janye man daga kasuwa a 1994 kuma maganar ta kai kotu. Wannan laka ta fi haɗari a jirage irin su Trinidad da Baron, waɗanda man inji ne yake sauya kusurwar fikafikan farfelarsu. Abin da ya rage a kasuwa shi ne gauraye, kamar AeroShell 15W-50 wanda kusan rabinsa sintetik ne, alhali Phillips 66 X/C 20W-50 tushensa man ɗanyen mai ne zalla. A 2022 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta amince da wani fetur marar dalma mai suna G100UL, kuma ƙasar ta sa wa kanta 2030 a matsayin lokacin rabuwa da dalma a wannan fanni. Ranar da irin wannan fetur ya wadata a nan, lissafin mai zai sauya, amma a yanzu shuɗin ne a tankunan waɗannan injina.

Tsatsa ita ce maganar da ta fi dacewa a tsaya a kanta, domin ta fi goga kashe injinan da ba sa tashi kullum. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Yawancinsa yana fita ta salansa, amma wani yana bi ta gefen ringi ya shiga cikin mai, inda yake haɗuwa da ragowar sinadarin da ake zuba wa fetur don ya kwashe dalma, su zama asid. Muddin jirgi yana tashi, mai yana kai wa zafin da zai kori ruwan. Idan aka ajiye shi kuwa, man da ke jikin ƙarfe zai tsiyaye a hankali ya bar shi tsirara a cikin iska mai laima da asid. A injinan Lycoming kamshaf yana sama da karanshaf ne, don haka shi ne farkon bushewa, a na Continental kuma yana ƙasa, inda mai ke ɗiga masa. Tsatsar da ta ci ƙananan ramuka a fuskar ƙarfen da kamshaf ke dannawa ba ta gyaruwa. Da zarar an tayar da inji ramukan za su fara ɓarewa su cinye ƙullin kamshaf, kuma ba a kai wa gare shi sai an raba inji gida biyu. Wa'adin O-320 kafin garambawul awa 2,000 ne ko shekara 12, kuma jirgin makaranta da ke tashi kowace rana ya fi samun cika shi a kan jirgin da ya yi wata uku a rumfa yana jiran wani ƙarfe daga waje, ko takarda, ko fetur. Watan Agusta, lokacin da damina ta kankama har tufafi ba sa bushewa a igiya, shi ne mafi munin lokacin irin wannan zama.

Akwai kuskuren da masu kyakkyawar niyya suke yi, wato su fito da jirgin da ke ajiye su tayar da shi na minti goma a ƙasa don ya motsa jini. Wannan ƙara ruwa yake yi, saboda injin ya ƙona fetur ya samar da tururi amma man bai yi zafin da zai kore shi ba. Juya farfela da hannu shi ma goge ɗan man da ya rage yake yi. Shawarar Lycoming ita ce jirgi ya tashi aƙalla na awa ɗaya a cikin kowane kwana 30, zafin mai yana tsakanin digiri 74 da 93, in kuwa hakan ba zai yiwu ba, a juye man a zuba na musamman na ajiya, a toshe kafofin da laima ke shiga.

A nan ne maganar sinadaran ƙari take shigowa, kuma a nan ne tallace-tallace suka fi yawa. Wanda yake da tarihi tabbatacce shi ne LW-16702 na kamfanin Lycoming. A ƙarshen shekarun 1970 an sa wa jirgin Cessna 172N wani samfurin inji mai suna O-320-H2AD, wanda kamshaf ɗinsa ya riƙa lalacewa da wuri, har FAA ta ba da umarni a 1980 cewa dole a riƙa zuba wannan sinadari a cikin mansa. Sinadarin fosfet ne da ke yin wata 'yar fata a kan ƙarfe inda matsi da zafi suka yi yawa, don kada ƙarfe ya kankare ƙarfe a daƙiƙoƙin farko kafin mai ya iso. Maganin goga ne, ba maganin tsatsa ba. Kuma an riga an zuba irinsa a cikin AeroShell W100 Plus da W80 Plus da 15W-50, da kuma Phillips 66 Victory AW, don haka wanda ya sayi waɗannan ya sake ƙara kwalbar Lycoming a kai ya yi asarar kuɗi ne kawai. Masu injinan Continental, irin na Baron, su yi hattara ta wani gefen: na'urar da ke haɗa sitata da inji a yawancinsu tana aiki ne da wani sifirin da ke damƙe ƙarfe, kuma akwai makanikai da dama da suke ɗora laifin zamewarta a kan irin wannan sinadari idan na'urar ta fara tsufa.

Sai kuma CamGuard, wanda ake zubawa kashi 5 cikin ɗari na yawan mai, kuma babban abin da aka yi shi dominsa shi ne hana tsatsa. Shi da wani sinadarin ƙari mai suna AvBlend suna da karɓuwa a wajen FAA, amma a fahimci ma'anar wannan karɓuwa: an gwada an ga ba sa cutar da inji, ba wai hukumar ta shaida cewa suna yin abin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Ra'ayina shi ne jirgin da ke tashi kwana biyar a mako ba ya buƙatar kowanne, jirgin da ke yawan zama kuma yana iya amfana da mai mai ɗauke da maganin tsatsa ko da CamGuard, da sharaɗin kada mai shi ya ɗauka ya sayi lasisin ajiye jirgi wata uku. Su kuwa sinadarin ƙari na mota mai suna Marvel Mystery Oil da robobin nan masu kauri kamar zuma da ake ɗura wa tsohuwar mota don ta rage hayaƙi, ba su da izinin shiga injin jirgi mai rajista, kuma da yawa daga cikin na mota suna ɗauke da tutiyar da aka gudu tun farko. Injiniyan da ke riƙe da lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, shi ne zai sa hannu a littafin tarihin inji, kuma ba ya sa hannu a kan abin da babu shi a takardun da aka amince da su.

Babu mai ko sinadarin da ke maganin ƙura. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura mai laushi, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kanmu har hazo ya hana jirage tashi. Idan wannan ƙura ta shiga silinda ta haɗu da mai, sai ta zama kamar man gogen da makanikai ke wasa bawul da shi, ta riƙa cin ringi da bango. Filtar iska ce kariya, amma akwai ƙofar baya da ɗalibai suke mantawa da ita. A injin mai kafireto, idan an ja maɓallin da ke kawo iska mai ɗumi don hana ƙanƙara taruwa a maƙogwaron kafireto, iskar a yawancin jirage ba ta bi ta filta. Gwada shi kafin tashi wajibi ne, amma gwajin ya zama na daƙiƙoƙi, kuma kada a yi tafiya a ƙasa da shi a buɗe, ko a yi shi a bayan jirgin da farfelarsa ke tayar da ƙasa. Mazurarin da aka bari a buɗe a kan tebur, da robar mai da aka fasa aka ajiye rabi, su ma hanyoyi ne. Ƙa'idar Lycoming ta juye ita ce awa 50 ga injin mai filta, awa 25 ga mai rariyar ƙarfe kawai, kuma kada mai ya wuce wata huɗu a ciki ko da jirgin bai tashi ba. A hunturun Zariya ni na fi ganin a rage wannan tazara, domin lita bakwai da rabi da O-320 ke ɗauka ba a bakin kome suke ba idan an kwatanta da kuɗin silinda ɗaya. A kowane juye a yanka filtar mai a baje takardarta a duba ɓarɓashin ƙarfe, a kuma ɗebi samfur a aika ɗakin gwaji. Silikon mai yawa yana nuna ƙura tana shiga, baƙin ƙarfe yana nuna silinda ko kamshaf, kuromiyam yana nuna ringi, jan ƙarfe yana nuna bushi. Sakamako ɗaya ba ya faɗin kome sosai, sai an jera na watanni an ga inda lambobin suka dosa, kuma gwajin ba ya ganin manyan ɓarɓashi, shi ya sa ba ya maye gurbin yanka filta.

Duk abin da ya gabata ya shafi Lycoming da Continental ne, kuma akwai injinan da ƙa'idar ta juye a kansu. Jiragen Diamond DA40 NG da DA42 NG da kwalejin Zariya ta samu a shekarun baya-bayan nan suna da injin Austro AE300 ƙirar Ostiriya, wanda tushensa injin dizal ne na motar Mercedes-Benz, ruwa ke sanyaya shi, kuma yana shan Jet A-1, kananzir ɗin manyan jirage, wanda babu dalma a cikinsa kuma ya fi shuɗin fetur sauƙin samu a Najeriya. Wannan inji tsinkakken man sintetik yake so, daga cikin waɗanda kamfanin ya lissafa a littafinsa, giyabos ɗinsa kuma yana da nasa man dabam. Injin Rotax 912 na jirage marasa nauyi shi ma mai irin na babur yake buƙata, saboda giyarsa tana wanka da man inji, kuma kamfanin ya hana a zuba masa man jirgi na gargajiya. A rumfar da ake ajiye jirage iri biyu, haɗarin da ya fi kusa shi ne yaron aiki ya miƙa hannu ya ɗauko robar da ba ita ba, don haka a raba ma'ajiyarsu da mazurarinsu, a rubuta sunan man a bakin inda ake zubawa. A kuma sayi mai daga dillalin da zai ba da lambar rukunin da aka sarrafa shi da takardar shaida, domin jabun baƙin mai ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu, kuma roba mai kyau ba ta wuyar kwaikwayo.

Tsohon man da aka juye daga injin da ke shan 100LL cike yake da dalma. A garuruwanmu an saba roƙon tsohon baƙin mai a shafa wa azara da katako don gara, ko a zuba a masai, wasu ma har a gyambon dabba suke sa shi. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai miƙa wa maƙwabci galan ɗin wannan mai ba. A tara shi a duro mai murfi a miƙa wa masu sarrafa shi, mai juyen kuma ya sa safar hannu, ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya zauna cin abinci.